Ƙodagon Goruba a Rigar Barakatu

Duk unguwarsu a Yako babu wanda bai san minsharin Barakatu ba, amma babu wanda ya taɓa yi mata maganarsa ido da ido. Mace ce mai sakin hannu, ga ƙuli-ƙulinta babu kamarsa, wa zai so ya ɓata da ita a kan abin da take yi ba da saninta ba? Sai dai a bayan ido a ce wai da ta kwanta awakin maƙwabta sukan miƙe su koma can ƙarshen turke. Ni dai ban ga awakin ba, amma na ji minsharin, kuma ban ga laifinsu ba.

Ba shi kaɗai Allah ya jarrabe ta da shi ba. Tun tana budurwa al'adarta sai ta ga dama take zuwa, wani lokaci a yi wata da watanni babu labari. Jiki ya yi ta buɗewa ko ba ta ci wani abin kirki ba. Bayan wuyanta ya yi baƙi kamar ba ta cuɗawa, alhali saura kaɗan soso ya sale mata fata. Ga 'yan gasu a haɓa da take tsigewa a ɓoye. Haihuwa kuwa shiru. Da suka gaji da saiwoyi da rubutu, mijinta Ladan tela ya kai ta wani asibiti a Kano aka yi mata hoton ciki. Likitar, wata mace mai tabarau, ta ce wasu ƙananan ƙullutai ne suka jeru a ƙwan haihuwarta kamar 'ya'yan carbi, kuma rikicewar al'adar da gashin da ƙibar duk tafiyarsu ɗaya. Ta ba ta ƙwayoyi, ta ce ta rage jiki. Da Ladan ya yi ƙarfin hali ya kawo zancen minshari, sai ta ce a daina kwanciya rigingine, in abin ya ƙi su dawo. Ba su koma ba, don Barakatu ta ce kunyar da ta sha a ranar ta ishe ta shekara.

Abin da Ladan bai faɗa wa likita ba shi ne, ba minsharin ne abin tsoro ba, yankewarsa ce. Tana cikin ja sai ka ji ɗif. Ƙirji yana ta kokawa, iska ba ta shiga, sai can ta fizgo numfashi kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Da safe ta tashi da ciwon kai da busasshen baki, ta wuni tana gyangyaɗi, har ta taɓa yin barci a zaune da tunkuza a hannu. Shi kuwa bai taɓa gaya mata gaskiyar abin ba. In ta tambaye shi sai ya ce, "Kin ɗan yi kiɗa kaɗan." Ya yi shekaru yana zungurinta da gwiwar hannu tana juyawa, har ya rame kamar shi ne mai ciwon. Daga ƙarshe dabara irin ta teloli ta zo masa. Ya ɗinka ɗan aljihu a tsakiyar bayan wata rigarta ta ciki, ya cusa ƙodagon goruba, ya rufe bakin da keke. Da ta mirgina za ta yi rigingine sai ƙodago ya tokare ta, ta koma gefe ba tare da ta farka ba. Minshari ya sauko ya zama irin na mutane, Ladan ya fara yin kumatu.

To, a Tudun Wada Barakatu tana da ƙane, Shitu, mai injin niƙa a jikin gidansa. Ranar sunan 'yarsa Laraba ya shigo cikin gida, ya ɗauki jaririyar ya ɗora wa yayarsa a cinya a gaban mata, ya ce, "Wannan taki ce, Yaya. Da an yaye ta ki zo ki ɗauka." Tun daga ranar Barakatu ba ta da wani tunani sai Laraba. Ta sa Ladan ya ɗinka 'yan riguna, yarinya ta girme su ba ta sa ba, ya sake wasu. Ta sayi ɗan kwano mai murfi ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Ba ta yi wa kowa ƙorafi a kan rashin haihuwa, amma tana son a wayi gari wani ɗan mutum ya ja mata zani yana neman koko, so irin wanda yake hana zuciya sakat.

Da lokacin yaye ya yi sai saƙo ya zo cewa ta je ta kwana biyu tukuna. Asibi, matar Shitu, ba ta ce a'a ba, amma ba ta ce to ba. An kuma ɗauko Gwaggo Baturiya, ƙanwar mahaifinsu, tun daga Riruwai, ta zo ta ga yadda hannun Barakatu yake da yaro. Gwaggo tsohuwa ce da ba a taɓa kawo mata abu ta ce ya yi ba, ko ruwa ka miƙa mata sai ta leƙa gindin moɗar. Ita ce ta taɓa cewa macen da barci yake sacewa a bakin murhu ko kaza ba za ta ba ta ajiya ba.

"Malam, in suka ji ni shi ke nan, an hana ni yarinyar nan," in ji Barakatu tana ɗaure kaya.

"Ba za su ji ba," in ji Ladan. "Ki kwana da rigar, ki wuni da ita a ƙarƙashin ta sama. Ga goro nan, da kin ji ido ya yi nauyi ki ɓantara."

Goron bai kai ta ko'ina ba. Ƙaramar bas ɗin da ta shiga ba ta daɗe da wuce Kwanar Ɗangora ba kanta ya koma baya, baki ya buɗe. Direba ya saurara, ya ɓata fuska, ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya sauko ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashi, yana zagin bakaniken da ya ɗaure masa salansa. Sai da wani dattijo ya ce, "Direba, ai motar a kashe take, kuma ƙarar ba ta daina ba," sannan kowa ya waiwaya kujerar baya. Wata mata ta taɓa ta a hankali. Barakatu ta buɗe ido ta ga mutum goma sha wani abu suna kallonta cikin ladabi, ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta sake buɗewa ba sai a tasha.

Ta sami gidan Shitu a hargitse. Tun jiya Asibi ta shafa maɗaci a nono, Laraba ta ɗanɗana ta ji an ci amanarta, ta ɗora ihu ba ta sauke ba. Ta ƙi uban, ta ƙi kunu, ta cije Gwaggo a yatsa. Barakatu ta durƙusa ta gaida Gwaggo, suka gaisa da Asibi, ta samu tabarma ta zauna. Yarinya ta tsaya tana shessheƙa tana kallon wannan faffaɗar cinya, sai ta tako ta hau ta kwantar da kai. Aka miƙo kunu ta shanye tas.

Barakatu ta ji daɗin da ba ta san inda za ta sa shi ba. Ba ta lura da yadda Gwaggo ta ƙanƙance ido ba, ba ta kuma ga fuskar Asibi ba lokacin da ta miƙa hannu 'yarta ta kau da kai. Kowa ya san yaron da aka shafa wa ɗaci yakan yi fushi da uwarsa, Asibi ma ta sani, amma sani bai hana abin yi mata ciwo ba.

Kwanan farko ya wuce lafiya, ƙodago ya yi aikinsa. Washegari da hantsi Barakatu ta shiga wanka ta rataye rigar cikin a kan igiya. Asibi tana tattara kayan wanki ta haɗa da ita, don kyautatawa. Hannunta ya ji wani abu mai tauri, ɗunƙulalle, an ɗinke shi ruf a daidai inda ake goya yaro. Ta yar da rigar ta kira Gwaggo. Gwaggo ta zo da kara ta juya ta, ta sake juyawa.

"Na faɗa a raina," in ji ta. "Yarinya ba ta guje wa uwarta haka kawai. Je ki kira Shitu, ya kashe injin nan."

Da Barakatu ta fito da ɗaurin ƙirji da bokiti a hannu, sai ta tarar da rigarta a tsakar gida, mutum uku sun kewaye ta daga nesa kamar an kashe maciji ba a tabbatar ya mutu ba. Shitu duk gari a gira, ya kasa haɗa ido da ita.

"Barakatu," in ji Gwaggo, "wane malamin ne ya yi miki wannan?"

"Wanne, Gwaggo?"

"Kar ki mai da ni yarinya. Wannan ƙullin da kike goya 'yar mutane a kai don ta manta da uwarta."

Barakatu ta ajiye bokiti. Ta ga ramin da ta faɗa sarai. In ta yi shiru, ta zama mai asiri, ta rasa Laraba, ta rasa ƙanenta. In ta faɗi gaskiya, ta zama macen da ba ta iya barci kamar mutane, ta rasa Laraba. Ta tsaya tana kallon rigar, hakan kuwa ya zama kamar amsa laifi.

Shitu ya yi bisimilla ya sa reza ya farke ɗinkin da hannun hagu. Abu ya faɗo ya gangara har bakin akurki, wata kaza ta sara ta ji tauri ta yi gaba. Ya bi shi ya ɗauka ya shinshina.

"Gwaggo, ƙodagon goruba ne."

"To da me kake tsammani? Ai a ƙodago ake yin mai ƙarfin, ba ya ruɓewa. Ajiye shi kafin ya kama ka."

Shitu ya yar da shi da sauri ya goge hannu a wando. Sai Asibi ta fashe da kuka. "Yaya, ni ban ce ba zan ba ki ba. Zuciyata nake lallashi. Da kin ƙara mini haƙuri ai da kaina zan goya miki ita. Me ya kai ki raba ni da 'yata ta wannan hanya?"

Wannan maganar ce ta karya Barakatu. Za ta iya jure a hana ta, amma ba za ta iya jure Asibi ta riƙa kallonta haka har abada ba. Ta zauna a kan turmi, ta faɗi komai: minsharin, gyangyaɗin, maganar likita, dabarar Ladan, har da direban da ya leƙa ƙarƙashin mota. Tana faɗa tana kallon ƙasa.

Gwaggo ta taɓe baki. "Minshari? Wa ba ya minshari? Marigayi mijina ya yi minshari har ya koma ga Allah, ban taɓa ɗinka masa goruba ba. In gaskiya ne, kwanta mu gani."

"Yanzu, Gwaggo?"

"Bayan azahar. Rigingine, ba riga."

Haka kuwa aka yi. Aka shimfiɗa tabarma a rumfa, Barakatu ta kwanta rigingine cikin rigar sama, Gwaggo ta zauna a kanta da carbi, Asibi ta rakuɓe a jikin ginshiƙi, Shitu ya bar masu niƙa suna jira a waje. Ga abin haushi. Matar da barci yake ɗaukewa a tsaye, yau ya ce bai san ta ba. Ta rufe ido ta buɗe, ta ga fuskar Gwaggo a juye a samanta. Aka ba ta fura ta sha, shiru. Aka yi mata fifita, shiru.

"Kun gani ko?" in ji Gwaggo. "Ƙarya ba ta barci." Da ta ga jiran zai yi tsawo sai ta gyara zama ta ɗauko labarin yadda marigayi ya fara aikin haƙar kuza a Riruwai, da sunan kowane shugaban lebura da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, da wanda ya auri ƙanwar wane. Duk dangi sun san labarin nan, kuma babu wanda ya taɓa jin ƙarshensa a farke. Ba ta kai ga shugaba na uku ba Barakatu ta tafi.

Da farko abin ya zo a hankali, kamar ana jan tabarma a kan yashi. Sannan ya kankama. Shitu ya zabura ya leƙa waje yana faɗa, a zatonsa wani ya tayar masa da inji. Kaji suka fice ta magudana. Laraba kuwa, wadda aka haifa a jikin injin niƙa kuma ba ta taɓa barcin rana ba tare da ƙararsa ba, ta yar da gwangwanin da take wasa da shi, ta zo ta lafe a gefen Barakatu, kafin ka ce me ta yi barci da yatsa a baki. Shitu ya toshe baki da hula. Asibi da hawaye a fuska ta kama dariya har ta zame. Gwaggo ma sai da haƙoranta biyun da suka rage suka bayyana.

Suna cikin dariyar sai ƙarar ta yanke.

Ƙirjin Barakatu ya ɗaga ya koma, ya sake ɗagawa, babu abin da ya shiga. Leɓenta ya fara canja launi. Dariya ta mutu a bakin kowa. Carbin Gwaggo ya faɗi, ta fara salati da wata murya da ba tata ba. Shitu ya ce, "Yaya! Yaya!" ya kasa motsi. Sai can numfashin ya ɓalle da wata irin shaƙa da ta girgiza ta gaba ɗaya, minshari ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Ba su gama sauke ajiyar zuciya ba ya sake yankewa. Wannan karon Asibi ba ta jira ba, ta janye 'yarta, ta sa kafaɗa ta tura Barakatu gefe tana jijjiga ta.

Barakatu ta buɗe ido ta ga fuskoki uku a kanta, duk a jiƙe. "Na yi ko?" ta tambaya a kunyace. "Malam yana cewa nakan ɗan yi kiɗa kaɗan."

"Kiɗa?" in ji Gwaggo tana goge ido da haɓar zani. "Mijin nan naki ko dai waliyyi ne ko maƙaryaci. Ke, mutuwa kike yi kina dawowa. Sau biyu a gabana kika tafi."

Asibi ta kwatanta mata yadda ƙirjin yake yi, da launin leɓen. Barakatu ta tashi zaune. Sai yau ta san abin da Ladan yake kwana yana gadi, sai yau ta san dalilin ramarsa. Tsoro ya kama ta, ba don kanta kaɗai ba. Ta dubi Laraba da take barci a hannun uwarta, ta miƙe a hankali tana gyara ɗankwali.

"Ku riƙe 'yarku," ta ce. "Ban san haka nake ba. Wata rana in ƙi dawowa, yarinya ta tashi ta same ni a gefenta? Ba da ni ba. Shitu, na yafe maka alkawarin."

Ta shiga ɗaki ta fara tura kayanta a jaka. A waje ta ji ana ƙus-ƙus, muryar Gwaggo tana hawa tana sauka. Da ta fito sai ta ga Gwaggo a tsaye da ƙullin kayanta a ka, buta a hannu.

"Gwaggo, Riruwai za ki koma?"

"Yako za ni. Macen da ta ce a riƙe 'ya don tsoron kada ta cutu, ita ake ba 'ya. Amma ba zan bar ku ke da wannan telan ku yi ta wasa da rai ba. Yarinya a shimfiɗata za ta riƙa kwana har sai na ga yadda hali ya yi. Jibi kuma ni da ke sai Kano, wurin mai tabarau ɗin nan, ni zan yi mata bayani da bakina tunda ku kunya ta cinye ku. Kuma ƙulin nan da kike soyawa kina ɗanɗanawa, an daina. Shitu, ɗauko mini gorubar can, ka wanke ta."

"Gwaggo, ba kin ce tana kama mutum ba?"

"Ɗauko nake ce maka."

Barakatu ta tsaya da jaka a hannu, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ta zo neman 'yar yaye, an haɗa mata da tsohuwar da ba a san ranar yayenta ba, kuma Allah kaɗai ya san yadda Ladan zai yi da labarin kuza. Amma duk wannan maganar Gwaggo ce, uwar yarinya ba ta ce komai ba tukuna.

Asibi ta shiga ɗaki ta fito da sabon majanyi. Ta zagaya bayan Barakatu ta ce, "Sunkuya, Yaya." Ta ɗora mata Laraba, ta gyara mata ƙafafu, ta ja zani ta ɗaure da kanta, ta ƙara majanyin ta tamke. Ta daɗe da hannunta a kan bayan yarinyar kafin ta ɗauke.

Barakatu ta goyi 'ya'yan mutane da yawa a rayuwarta, kuma kowanne da lokacin da ake zuwa a karɓe shi. Don haka bakinta ya tambaya tun kafin ta yi tunani.

"Yaushe zan dawo miki da ita?"

Asibi ta share hanci da bayan hannu. "Ranar da za a kai ta ɗakin miji ki aiko mini, in zo in taya ki aiki."

Barakatu ta gyara tsayuwa. Ta kai hannu baya ta tallabi yarinyar, ta bi Gwaggo da ta riga ta kai zaure tana faɗan za su rasa mota.